Cindon Gidanmu

Daren jarrabawa aka ɗauke wuta a Koki.
Na shimfiɗa takarda a tsakar gida, fitila a gefe,
ina haddace zuriyar wani gidan sarauta na Faransa
da ya mutu tun tuni ya bar mini aiki.

Kakan farko ya gina hasumiya a kan dutse,
ya haifi ɗa, ya raɗa masa sunansa.
Ɗan ma ya haifi ɗa, sunan bai motsa ba,
lamba kawai suke ƙara wa juna kamar buhunan gyaɗa:
na uku, na biyar, na takwas mai gajeren kwana.
Babba ya gaji ƙasa.
Ƙarami ya gaji doki da takobi da doguwar hanya.
Wani ya haye teku ya auri tsibiri,
wani ya shige coci ya datse reshensa da hannunsa,
biyu suka shekara talatin suna yaƙi a kan gada ɗaya.
A garkuwarsu zaki ne a tsaye,
kowane reshe ya sauya masa launi
don kada a ce da shi ƙani.

Goggo Tabawa ta ajiye carbi ta leƙo.
Ta ce, wace irin bishiya ce wannan,
saiwa a sama, rassa na lilo a ƙasa?
Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe.
Ta ce, to, ina matan?
Na nuna mata ɗan layi a gefen kowane suna.
Ta yi tsaki. Ashe layi ne ya yi naƙudar.

Sai ta gyara zama ta ce, juya takardar.

Jatau mai cindo, shi ya fara haƙa rijiyar nan.
Matarsa Kande, da kuɗin kaɗinta aka sayi jakin farko,
rubuta ta da manyan baƙaƙe.
Barau ya bi goro Gwanja, ya ga ruwa, bai dawo ba,
jikokinsa can suna gaisuwa da wani harshe.
Tanko ya ɗauki Makka a ƙafa,
Sudan ta riƙe shi, ya yi gona a bakin kogi.
Inde ta auri Fagge ta cika ta da teloli.
Nomau da Ɗangoggo kuwa,
a kan magudanar ruwa suka ɓata,
taku uku ba ta kai ba,
shi ya sa katangar can ta ratsa ɗaki ta tsakiya,
shi ya sa ba ma aika musu tuwon sallah
alhali muna jin tarinsu da asuba.

Na ce, Goggo, mu ba mu da garkuwa.
Ta miƙo hannun hagu kusa da fitila:
ɗan tabo a gindin ƙaramin yatsa,
inda wanzami ya ɗaure zare shekara tamanin baya.
Ta ce, ga zakinmu nan.

Tana cikin lissafa 'ya'yan Inde barci ya sace ta.
Bakwai ta ce. Shida na rubuta.

Da safe na zuba Faransawa a takarda, ban bar ko ɗaya ba,
har wanda ya faɗo daga doki bai bar magaji ba.
A hanyar dawowa, daidai Ƙofar Mazugal,
mai adaidaita ya miƙo mini canji,
na ga tabon a hannunsa, wuri ɗaya, girma ɗaya.
Na buɗe baki zan ce, ɗan wane gida ne kai?
Na baya suka danna oda.
Ya ja, ya shige cikin dubun irinsa,
ni kuma na tsaya riƙe da naira hamsin
da gurbin suna na bakwai.